Littattafai Huɗun da Radiya ta Zaɓa

Talata. Aikin farko: jiƙa gero, sannan wasiƙar Tayyiba.

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya.

Zuwa ga ƙanwata Tayyiba, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi, ya sa ƙashin ƙafar ya haɗe ba tare da ya bar miki ɗingishi ba, ya sa kwanciyar ta zame miki kaffara. Allah ya saka wa mai gidanki Alhaji Usman da alheri bisa ɗawainiyar da yake yi da ke, ya raya yaran, ya shirya mana su. Kada layin da ke saman takardar ya dame ki. Daga littafin da nake rubuta al'amurana na yau da kullum na yago ta, kuma kin san hannuna ba ya iya fara shafi sai ya rubuta aikin farko. Geron dai na jiƙa shi. Wasiƙar ce wannan shi ne karo na uku da na fara ta.

Mu nan kowa lafiya. Mai gidana Malam yana nan da ciwon gwiwarsa, ya ƙi asibiti, ya ce man zafi ya ishe shi. Katangar bayan gida da ruwan Agusta ya zubar an tayar da ita, sai dai da bulo aka yi, ta fita daban a cikin ginin ƙasa kamar haƙorin Makka. Gwaggo Hussaina ta koma Tukur-Tukur wurin ɗanta, kullum tana ƙorafin ruwan can ba shi da daɗin na rijiyar birni, alhali tafiyar ba ta kai ta minti ashirin ba. Ni kuma ina nan a ɗakin kati na asibitinmu. An kawo mana kwamfuta, amma ban daina cika katin hannu ba, don ranar da babu wuta ni ake nema. Alhaji Auwal mai goro zai taso ranar Alhamis da safe, shi zai kawo miki wannan takarda da ƙunshin littattafai da daddawar da kika ce. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ki saboda wayarki a hannun yara take wuni, kuma saƙon murya a gidanku kowa ke saurare har da masu zuwa dubiya.

Kin ce mini a waya kwanciya ta ishe ki, har kin haddace tsagar da ke silin ɗakinki, in nemo miki littattafan Hausa irin waɗanda muke ɓoyewa a cikin littafin lissafi muna 'yan sakandare, amma ba na soyayyar fure da turare ba. Kin ce irin wanda mutum zai ƙwallafa rai a kan wani har ya zautu, ko a zauna da mutum shekaru sannan a gane ba shi ba ne. Na rubuta abin da kika ce don kada in manta: naci, yaudara, ɓoye asali. To ni rabona da irin wannan karatu tun kafin rasuwar Inna, don haka na tambayi Radiya, tunda ita ce ba ta rabuwa da littafi ko tana tuƙa tuwo. Ta tambaye ni wa za a kai wa. Na ce Antinta ta Kumasi. Ta ce in ba ta kwana uku. Ta je shago a Tudun Wada, ta je wurin wata ƙawarta a Tudun Jukun, ta dawo da guda huɗu. Ta sa musu lamba da fensir daga ɗaya zuwa huɗu, ta ce a gaya miki a jere ake karanta su, kada ki tsallake. Ban ga komai a cikin wannan ba a lokacin. Na dai ce ba zan aika wa marar lafiya abin da ban duba ba, sai na riƙa tafiya da su wurin aiki ina karantawa idan layi ya lafa. Sunayensu na jikinsu, ni da launin bango nake gane su.

Na ɗaya, mai koren bango, shi ne na naci. Wani tela ne da wata mata ta kawo wa ɗinki sau ɗaya, ya auna ta, shi ke nan ya ajiye awon da ragowar ƙyallen shekara goma sha ɗaya. Duk garin da aka mayar da mijinta aiki sai ta tarar da shagonsa a bakin layinsu, ita kuma tana murna wai ta yi sa'ar tela. Bai taɓa yi mata maganar banza ba, bai taɓa taɓa ta ba, kuma wannan ne abin tsoron. Akwai inda ta kawo masa atamfa ta ce ya auna ta don ta yi ƙiba, ya ce ba sai ya auna ba, inci biyu ta ƙara tun watan Rajab. Da na kai wurin sai da na rufe littafin na dubi mutanen da ke kan benci. Ki fara da shi, zai ɗauke miki hankali daga ƙaiƙayin ɗorin. Ƙarshensa dai an yi gaggawa, kamar takarda ce ta ƙare wa marubuciyar.

Na biyu, mai shuɗin bango, ya fi shi nutsuwa, kuma a ganina ya fi duka kyan rubutu, ko da yake ni ba gwanar sanin wannan ba ce. Wata mata ce ƙawarta ta mutu a haɗarin mota suna tare, sai ta ɗauki takardun makarantar mamaciyar ta sami aikin jinya da sunanta a wani gari mai nisa. Komai na tafiya daidai har uwar mamaciyar, wadda ba ta gani sosai, ta fara aiko da wasiƙu. Ta amsa ta farko don kada asiri ya tonu, ta amsa ta biyu don tausayi, daga nan kuma ita kanta ba ta san don me take amsawa ba. Har littafin ya ƙare ban tabbatar ko tsohuwar ta gane ba. Akwai alamar ta gane tun wasiƙa ta uku, ta zaɓi ta ci gaba da samun mai ce mata Inna. Na uku, mai ruwan ɗorawa, ba zan ce miki komai a kansa ba don ban fahimce shi ba. Sau biyu na karanta babin ƙarshe, ban gane ko mutum biyu ne masu kama ko mutum ɗaya ne mai taɓin hankali ba. Radiya ta yi mini dariya, ta ce ai abin da ake so ke nan, wai Umma tana son littafi ya cika kowane gurbi kamar katin asibiti.

Na huɗu shi ne dalilin da ya sa na yaga takarda biyu kafin wannan. Bangonsa ya yage, an liƙe shi da salatif, kuma ba na shago ba ne, nata ne, ya sha hannu. Labarin wata yarinya ce da ta tashi a babban gida, ta lura cewa a duk hotunan biki da na Sallah akwai wata mata da kullum take tsayawa a can ƙarshe, nesa da ita. Ta bi diddigi shafi bayan shafi har ta gano matar ce ta haife ta, wadda take kira Mama kuwa sace ta ta yi tana jaririya. A ƙarshe yarinyar ta haɗa kayanta ta fita, ta wuce matar da ta raine ta a tsakar gida ba ta kira ta da kowane suna ba. Tayyiba, a tsaye na karanta wannan babi, da katin wani bawan Allah a hannuna, har sai da ya ƙwanƙwasa kanta ya ce Hajiya ko an sallame shi ne. Kuma a shafi na ɗari da tara akwai layi da aka ja wa fensir a ƙasa, inda yarinyar take cewa ba ƙaryar ce ta fi yi mata ciwo ba, sai ganin cewa duk gidan sun sani, suna kallon ta tana yawo a cikinsu ita kaɗai ba ta sani ba. Ban san ko Radiya ce ta ja layin ko wata ƙawarta da ta ara ba. Fensir ba shi da murya. Amma an ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ni da ke ba mu taɓa zama mun yi wannan magana ba, shi ya sa zan rubuta ta dalla-dalla sau ɗaya, ki yi haƙuri. Ke kika haifi Radiya. Ubanta marigayi Hamisu, ƙanin Malam, ya rasu tana wata bakwai. Da kika yaye ta Inna ta ɗauko ta da kwanon kununta ta ajiye a ɗakina, ta ce ga 'yata, tunda nawa biyu Allah bai bar mini su ba. Bayan shekara aka ɗaura miki aure kika tafi Kumasi. Ba wanda ya sace kowa, ba wanda ya yi rantsuwar ɓoyewa. A makaranta sunan kakansu aka sa mata, wanda Malam da marigayi duka suke amsawa, don haka takarda ba ta taɓa tayar da tambaya ba. Ta buɗe baki ta ce mini Umma, ta ce wa Malam Baba, muka amsa. Ke kuma 'yar fari ce a wurinki, kin bi abin da muka tarar: ba ki faɗin sunanta, ba ki ɗaukar ta a gaban mutane, in kin zo gida kya ce ina yarinyar nan, ko 'yar gidan Yaya. Haka Inna ta yi wa ɗanta na fari Yaya Muntasir har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. Ni duk shekarun nan a zatona Radiya ta sani, irin sanin da ba a furtawa, kamar yadda kowa ya san inda rijiyar gida take ba tare da an nuna masa ba.

Da na dawo daga aiki ranar na sauko da akwatin littattafaina na shekara ashirin, na zauna da rana tsaka ina neman ranar da aka gaya mata. Na tabbata zan same ta, don ni ranar da ta fara haƙori ma na rubuta. Ga abin da na samu. Tana shekara biyar na rubuta cewa Inna ta ce a bari ta yi wayo. Tana tara na rubuta cewa Malam ya ce a bari ta sauke Alƙur'ani, kada a raba mata hankali. Tana sha uku, shekarar da kika zo bikin 'yar'uwarmu Hassana, na rubuta cewa kun shiga ɗakin Inna ke da ita kun daɗe, na sa alama a gefe na ce wataƙila yau ne. Tana sha biyar na rubuta cewa na tambayi Inna, ta ce in daina neman magana, wa zai zauna a gidan nan bai sani ba. Daga nan babu komai. Na bi shekarun sau biyu, har da ɗaga shafukan da suka manne. Akwai ranar da akuya ta ci mata takardar jarrabawa, akwai ranar da ta ƙone da ruwan zafi, amma ranar da na fi bukata babu ita. Ko ba a yi ta ba, ko an yi ni ce ban rubuta ba, kuma na kasa yarda da ko ɗaya.

Na tambayi Malam bayan la'asar yana gyara rediyonsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi a saninsa ni na gaya mata tun tuni, ai maganar mata ce. Na ce ni a sanina Inna ce. Ya ce to ai shi ke nan, Inna ta gaya mata. Na ce ban ce ta gaya mata ba, cewa na yi a sanina. Ya ce Batulu, ke da littattafanki, ki duba mana. Washegari na hau Keke mai ƙafa uku na tafi Tukur-Tukur. Gwaggo Hussaina ta ce ita ta ɗauka ke kika gaya mata a zuwan nan naki na bikin Hassana, don ta ga kun fito daga ɗaki idon yarinyar ya yi ja. Sannan ta ce ko kuwa ranar ce aka yi mata ƙunshi ya shiga idonta, ta manta. Ta ƙara da cewa mu 'yan boko mun cika son a faɗi komai da baki, su a zamaninsu yaro da kansa yake ganewa, in ya ga matar da ke kauce masa a tsakar gida ya san ita ce. Na ce Gwaggo, wannan ai sai in matar tana tsakar gidan, ba tana Kumasi ba. Ta ce in miƙo mata goronta. To ke nake tambaya yanzu: me kuka yi a ɗakin Inna ranar? In kin gaya mata, don Allah ki faɗa mini in huta. In kuma awon riga kawai kika yi mata, shi ma ki faɗa.

Abin da ya sa ba zan iya cewa a bari ba kamar yadda muka saba, kin san mutanen Suhail, manemin Radiya, za su kawo gaisuwa bayan Sallah, kuma in Allah ya yarda kafin azumi mai zuwa a ɗaura. Ranar ɗaurin aure a zaure Malam zai zauna ne a matsayin waliyyi, liman zai ambaci sunan ubanta na gaskiya, maroƙi ya ɗauka ya shelanta wa unguwa: Radiya 'yar marigayi Hamisu. Malam ya ce wannan ba abin da za a canza ba ne, kuma gaskiyarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwatanta ta zaune a ɗaki da lalle a ƙafa, ƙawaye kewaye da ita, ta jiyo wannan ta taga. In ta sani, ba komai. In ba ta sani ba, mun zama mutanen shafi na ɗari da tara, kuma ni ce matar da aka wuce a tsakar gida.

Jiya Litinin ba ta da lacca, ni ma ina hutun aiki, ta ce in yi mata kitso. Na ji daɗi, don a kitso ba a haɗa ido. Muka zauna a gindin dalbejiya da hantsi, kanta a cinyata, na tsefe, na fara tsaga. Tun da safe na rubuta a tafin hannuna abin da zan ce, gumi ya goge shi. Sai na ɓige da cewa na karanta littattafan Antinta, na huɗun ya ba ni tsoro. Ta ce ai shi ne mafi rauni a cikinsu, marubuciyar ta cika surutu, kuma yarinyar ciki ba ta da kai, shafi ɗari uku tana bin hotuna kamar 'yar sanda. Ta ce a zahiri ba a bukatar hoto, mutum ya saurara kawai ya ji wa ke kiran sunansa, wa ba ya kira. Hannuna ya tsaya. Ta ci gaba da magana kamar labarin wasu take ba ni. Ta ce Anti Tayyiba in ta zo tana kiran kowa da sunansa, har mage Anti ta san sunanta, amma ita sai ke, ko yarinyar nan. Ta ce tun tana firamare take lissafin laifin da ta yi miki. Akwai shekarar da ta ɗauka don ta fasa miki kwalbar turare ne, ta tara kuɗin tara ta sayi wata ta ba ki, kika karɓa kika ce a ajiye a can, ba ki dube ta ba. Ta ce sai da ta kai sha shida, a sunan ɗan Hassana, ta ga yadda Hassana take kawar da kai in an miƙo mata jaririn a gaban surukai, ana yi mata tsiya wai ta faɗi sunansa ta ƙi. Nan ta tsaya. Na jira. Sai ta ce Umma, kin ja da ƙarfi, a hankali.

Wannan shi ne iyakar abin da ta faɗa. Allah ya sani na buɗe baki sau biyu, sai na ci gaba da kitson. Aka kira azahar, ta ce a bar sauran sai an kwana biyu, wuyanta ya gaji, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta tashi. Na rubuta maganganunta a littafina yadda na iya tunawa, na karanta su ya fi sau goma. Wani lokaci in ga ta gaya mini ta sani ƙarara, ni ce kurma. Wani lokaci in ga zato kawai take yi, ta jefa tsakuwa a rijiya tana jiran ta ji zurfin, ni kuma na bar ta ba amsa. Kuma ban san tun yaushe ba. In tun tana sha shida ne, shekara biyar ke nan tana ce mini Umma da sanin komai, tana kawo mini ruwan alwala, tana yi mini tsiyar katin asibiti. Ban san ko in yi murna da wannan ko in ji kunya ba. Kafin sha shidan kuma, shekara nawa yarinya ta yi tana zaton uwar da ta haife ta ba ta ƙaunar ganin ta, ni ina gefe ina rubuta farashin gero? Mun yi kunya irin ta iyayenmu, amma su suna gida ɗaya, yaro yana ganin wadda ke kauce masa ita ce ke ajiye masa ƙanzo a ɓoye. Ke ƙanzon naki bai iso ba, kaucewar kaɗai ta gani. Ba laifi nake ɗora miki ba. Ni da nake kusa na fi ki.

Saura abu ɗaya. Yau da yamma ta leƙo ɗakina ta ga ina haɗa ƙunshin, ta ce kada in cire na huɗun don ya yage, kuma in tabbatar na gaya miki ita ta zaɓa. Bayan ta fita na ɗaga shi, na ga takarda a ninke a tsakiya, an liƙe bakinta da salatif, babu suna a bayanta. Jiya ba ta ciki, na tabbata, don na karkaɗe littafin. Na riƙe ta na ɗaga ta saitin taga, na ga inuwar rubutu kamar layi shida ko bakwai, sai na ji kunyar kaina na mayar. Na yi tunanin in cire littafin duka in ce Alhaji Auwal ya yar a hanya. Na yi tunanin in buɗe in karanta in sake liƙewa, ga salatif a durowa. Ban yi ko ɗaya ba. Takardar tana inda ta sa ta, a yadda ta sa ta. Ba ni aka rubuta wa ba, kuma ina jin a karon farko ke nan da wani abu nata zai wuce ta hannuna ba tare da na san abin da ke ciki ba.

Ga roƙona, Tayyiba. Ki karanta su a jere yadda ta ce, ko da zuciyarki na jan ki zuwa na huɗu, don ina ganin ta jera su ne don ki iso wurin a hankali. In kin iso, duk abin da ta rubuta, ki amsa mata ita, ba ta hannuna ba. Kuma ki fara da sunanta. Na san nauyin da ke cikin wannan, na san za ki ji kamar Inna na kallon ki. Ki rufe ƙofa, ki kori yara, ki faɗe shi sau ɗaya ke kaɗai ki ji yadda yake a bakinki, sannan ki kira ta. Ba zan ce miki ba na jin tsoro ba. Ban san abin da za ta riƙa kira na bayan nan ba, ko za ta raba Umman biyu, ko za ta mayar da ita inda ta fito. Na duba zuciyata na ga ina son ta bar mini ita, na kuma ga ba ni da hurumin roƙa. Abin da na tsayar shi ne ba zan bari littafi mai yagaggen bango ya riga ni ba. Kafin motar Alhaji Auwal ta tashi zan gaya mata da bakina, tun daga kwanon kunu, ko ta sani ko ba ta sani ba. In ta ce Umma ai na sani, na sha kunya, kuma gara hakan.

Ki gaida Alhaji Usman da kyau, ki ce Malam yana yi masa ban gajiya. Ki gaida yaranki, Auwal ƙarami da Hussaina takwarar Gwaggo da autarki, ki ce su bar miki wayarki ko na awa ɗaya a rana. Yaya Muntasir da iyalinsa suna duba ki, Hassana ta ce ki daina taka ƙafar don kin ji sauƙi, Gwaggo ta ce a shafa man shanu in an kwance ɗorin. Daddawar tana cikin gwangwani, na naɗe shi da leda biyu don kada littattafan su ɗauki wari. Allah ya ba ki lafiya, ya sa mu ga juna da alheri, ya rufa mana asiri irin rufin da ba ya cutar da kowa.

Yayarki mai ƙaunarki,
Batulu.

Gobe Laraba, abin da ya rage:

Kai geron inji.
Karɓo maganin gwiwar Malam, ko ya ƙi.
Roƙon abokiyar aikina Mildred ta riƙe mini ɗakin kati daga sha biyu.
Kai ƙunshin gidan Alhaji Auwal, amma sai bayan la'asar, ba kafin ba.
Sayen man kitso.
Ƙarasa wa Radiya kitsonta. Fara magana tun a tsagar farko, kada in jira ta ƙarshe.